Ragowar Saƙon Munzali

Malam Isyaku na Lausu ba ya fara magana a gidan mutane sai ya nemi ruwa ya sha. Yayin da ƙoƙon ke bakinsa, idonsa na kan fuskar mai gida, yana auna abin da za ta iya ɗauka.

Manomi ne, amma daga Rano har Kibiya an fi saninsa da kai labarin rasuwa. Tun yana saurayi ake aikensa, don bakinsa na da sanyi. Sai ya tambayi damina, ya tambayi dabbobi, sannan ya ce jikin wane ya yi nauyi. Ya dakata. In ya ga mutum ya zauna da kyau, ya ƙara kaɗan. Sau da yawa mai gidan ne da kansa ke cewa "Inna lillahi", shi kuwa ya gyaɗa kai kawai.

Da wayoyi suka cika gari, aike ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Direbobin tashar Rano kan tsokane shi: "Malam, waya ta ƙwace maka sana'a!" Ya ce, "Ta fi ni sauri, 'ya'yan nan. Amma rubutu ba shi da ido. Bai san na tsaye ba, bai san na zaune ba."

Amininsa Alhaji Shitu na Kibiya yana da ɗa direba, Munzali. Uba da ɗa sun saɓa a kan wata gona, har Alhaji ya ce kada ya ƙara taka masa zaure. Suna cikin haka motar Munzali ta kife a hanyar Kano. Abokan aikinsa suka kira Malam Isyaku asibitin da aka kai Munzali, ya same shi da sauran numfashi. Munzali ya riƙe masa hannu ya ce, "Baba Isyaku, ka ce wa Alhaji ya yafe mini. Da bakinka." Bai kai azahar ba.

Malam Isyaku ya roƙi direbobin kada kowa ya rubuta komai sai ya isa Kibiya. Suka ce to. Amma tasha ba mutum ɗaya ba ce.

Ya tarar da Alhaji a zaure.

"A'a, yau an tuna da mu?" in ji Alhaji, yana dariya. "In da dā ne, da na gan ka gabana ya faɗi."

"Zauna dai, sarkin surutu. Ya gero?"

"Gero sai godiya. Bari in sa a kawo maka ruwan naka."

Alhaji ya miƙe ke nan sai ga 'yarsa Ramlatu da waya a hannu. "Baba, ga wani saƙo an turo," ta ce, ta fara karantawa a fili, baki na gaba hankali na baya: "Munzali direba ya rasu, ana kawo gawa."

Alhaji yana tsaye kalmar ta same shi. Da aka ɗaga shi, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Ido a buɗe, amma bai san wanda ke kansa ba.

Tun daga nan, duk Juma'a Malam Isyaku kan hau babur ɗin haya zuwa Kibiya, ya zauna gefen shimfiɗa yana duban fuskar amininsa. Wata rana Ramlatu ta ce, "Baba, in akwai abin da kake son faɗa masa, faɗi in rubuta. In ya farfaɗo a karanta masa."

"'Yata, wanda ya aiko ni cewa ya yi da bakina. Kuma irin wannan saƙon, sai an ji amsarsa ake cewa ya isa."

Ya yi ta jiran ranar da idon zai gane shi. Da kaka ta zo, zazzaɓi ya kwantar da Malam Isyaku, bai tashi ba. Alhaji Shitu na nan kwance har yanzu, ba a faɗa masa ɗansa ya nemi gafara ba.