A Bayan Keken Malam Na Warke

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kun daɗe ba ku ji ni ba. Maigidana ne Allah ya yi wa rasuwa, na shiga takaba, ko da na fita kuma hannuna ya ƙi waya. Duk wanda ya yi min gaisuwa ban amsa ba, ya yafe min.

Yau maƙwabciyata ta shigo tana ta tari, ta ce sanyi ne kawai. Nima haka na ce a lokacina. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Shekarun da aka fara Shari'a ne. Muna zaune a ƙauye wajen Sakajiki, Malam, maigidan nawa, yana ɗinki a kasuwar Kaura Namoda. Kullum da keke yake zuwa, da keke yake dawowa.

Tari ya kama ni bayan na yaye 'yata. Na sha jiƙo, na sha zuma da citta. Zazzaɓi da yamma, gumi har ya jiƙa tabarma. Na rame har zanina yana zagaye ni sau biyu. Ran da na tofa na ga jini, na rufe da ƙasa, amma Malam ya riga ya gani. Sai ya je ya bugo wa tayar keke iska.

A asibiti aka ba ni 'yar roba na tofa majina, aka ɗauki hoton ƙirji. Hoton nan shi ya ci akuyata. Likita ya ce tarin fuka ne.

Na ce, “Likita, mutuwa zan yi?”

Ya ce, “In kin sha magani yadda aka ce, da yardar Allah za ki warke. Magani kyauta ne. Amma watannin farko kullum sai kin zo kin haɗiye shi a gabanmu. In kika yanke, ciwon zai dawo, kuma ba zai ƙara jin wannan maganin ba.”

To a nan matsalar take. Lokacin an hana mace hawa kabu-kabu bayan namijin da ba muharraminta ba. Motar mata kuwa cikin gari take yawo, ba ta san hanyarmu ba. Ba mu da ɗan uwa a Kaura da zai ajiye mai tari a ɗakinsa, ban kuma ga laifin kowa ba.

Malam ya naɗe tsohon bargo ya ɗaure a kan kariyar keke. Ya ce, “Hau, Asabe. Riƙe rigata da kyau, ba ki kai buhun gero nauyi ba.”

Akwai wani hawa bayan an tsallake rafi. Kowa ya san doka: wanda aka goyo shi ke sauka ya taka. Na gwada ranar farko, numfashina ya ɗauke, na durƙushe a tsakiyar hanya. Daga ranar shi ke sauka. Ya kama kan keke ya yi ta turawa, ni ina zaune a sama, ina kallon gumi na bin bayan wuyansa.

Masu kai shanu kasuwa sukan tsaya su yi dariya. “Tela, yau ma amarya za ka kai?”

Ya ce, “Amarya ce mana, ba ku ga ba ta taka ƙasa ba?”

Wata safiya wani dattijo cikin masu sa ido kan dokar goyon mata a hanya ya ɗaga mana sanda. “Tsaya! Wagga mata, mi take gare ka?”

Kafin Malam ya buɗe baki tari ya sarƙe ni, na yi ta yi kamar raina zai fita.

Malam ya ce, “Baba, kai ma ka ji. Wa zai ɗauko wannan in ba mai ita ba?”

Dattijon ya yi salati, ya ajiye sandarsa, ya dafa kariya ta baya suka tura tare har saman tudu. Bayan nan duk ya hango mu sai ya taso.

Da na fara jin daɗin jikina, abinci ya soma shiga, na ce ya isa. Ina ganin ƙafafunsa sun kumbura, ɗinkin mutane ya taru, wasu sun kwashe yadinsu. Na ce, “Malam, na warke, ka huta.”

Ya ce, “Ke ce likitan? Ni na ji abin da ya ce. Ko ki hau, ko in ɗaure ki da igiyar buhu.”

Na hau ina kuka ina dariya.

Ranar da ma'aikaciyar asibitin ta ce majinata ta fita fes, sauran ƙwayoyin a gida zan riƙa sha, Malam ya zauna a ƙasan baranda ya rufe fuskarsa da hula. Na sha maganin har ƙwaya ta ƙarshe. Tun daga nan ban ƙara yin wannan tarin ba. Na aurar da 'yar nan, na goyi jikokina.

Alhamdu lillahi. Ina gode wa ma'aikatan da suka jure mana, da surukata da ta riƙe min yarinya, da dattijon da har yau ban san sunansa ba.

Don Allah, in tari ya ƙi tafiya, ku je a gwada majina, kar ku tsaya cewa sanyi ne. Kar ku ɓoye jini. Ku buɗe taga, ku rufe baki in za ku yi tari. In kun fara magani kar ku yanke don kun ji sauƙi. Mai jinya kuma, in mara lafiya ya ce ya gaji, kar ka biye masa.

Shekaru ina cewa a raina, ran da Malam ya kwanta zan yi masa jinyar da ba a taɓa yi wa kowa ba. Bai kwanta ba. Ya dawo daga masallaci ya ce kansa na ciwo, na tashi ɗebo masa ruwa, kafin in dawo ya cika.

Ko kofin ruwan nan bai karɓa daga hannuna ba. Addu'a kaɗai ta rage min, ita ma ni ɗaya ba zan isa ba. Ku taya ni. Allah ya jiƙan Malam, ya sauƙaƙa masa hawan Siraɗi.