Gwaggo Mai Ajiyar Iri

Gwaggo, yayar babana, ita ce mai ajiye irin shuka a unguwarsu. Da an gama girbi takan zaɓi zangarniyoyi masu ƙoshi, ta rataye su a rufin ɗakin girki, daidai saman murhu, domin hayaƙi ne ke hana ƙwari cin su. Shi ya sa ɗakin ba shi da taga, ƙofar ma da tsohon buhu take toshe ta. Irinta bai taɓa huda ba, maƙwabta a wurinta suke ɗiba.

Da ƙafa ta fara damunta, girki ya koma hannun matar autanta, wadda cikinta ya tsufa, ga kuma yaro a goye. Nakan gan ta durƙushe tana hura ɗanyen itace, idonta na zubar da ruwa, yaron yana tari a bayanta. Kunyar suruka ba ta barinta ko ɗage buhun.

Gwaggo kuwa tsokanar jikan take yi. "Wannan maigidan nawa ko cefane bai iya ba, sai tari."

Wata safiya numfashinsa ya koma shessheka, haƙarƙarinsa na lotsawa. Muka kai shi asibiti. Da ya samu sauƙi, ma'aikaciyar jinya ta tambayi inda ake girki. Gwaggo ta ce ita a cikin hayaƙi ta girma, ga ta nan da ranta. Ba a yi mata musu ba. An dai gaya mata cewa ƙirjin yaro ba irin nata ba ne, kuma abin da uwa ta shaƙa yana isa ga na ciki, har a haife shi ɗan mitsitsi, ko ya zo kafin lokaci.

Muka iso gida. Gwaggo ta daɗe tsaye tana kallon zangarniyoyin. Sannan ta sa auta ya kafa rumfa a tsakar gida, ta mirgino duwatsun murhun da kanta.

"'Yar nan, kada ki sake hura wuta a ciki," ta ce.

Kafin ruwan shuka ƙwari sun mai da yawancin irin gari. Ranar da aka yi ruwan farko, jaririyar da matar auta ta haifa na barci a cinyarta, Gwaggo ta yafa mayafi, ta ɗauki kwano, ta fita neman iri gida-gida.