Auduga a Kunnen Mai Gwajin Faifai

Har yau ban manta da wata Talata cikin watan Oktoba ba, ranar da aka sauke mana akwatunan faifai daga Birmingham. Ku da kuka zo karatu kuke haɗawa da ɗan aiki kun sha tambayata yadda mutum zai yi idan aikinsa ya ci karo da tarbiyyarsa. Ni ban wuce firamare ba, ba ni da fatawa. Abin da ya same ni kawai zan faɗa muku.

Ina aiki ne a wani shagon sayar da tsofaffin faya-fayan garmaho a unguwar Hulme da ke Manchester. Babban shagon yana Handsworth, can Birmingham, inda mai shi, Madam Pauline, take zaune. A reshenmu na Manchester akwai manaja, akwai Winston mai gyaran injuna, sannan ni a ƙarshen layi, mai wanki da gwaji. Aikina ba wuya. In zaro faifai daga kwalinsa, in duba shi a ƙarƙashin fitila, in wanke shi a inji, in bar shi ya bushe. Daga nan in ɗora masa allura, in sa abin ji a kunne, in saurare shi tun daga farko har ƙarshe, gaba da baya. Dokar Madam ke nan: ba a ce wa faifai lafiyayye sai kunnen mutum ya bi shi kaf. Ba daɗin waƙa nake nema ba, ƙas-ƙas ɗin ƙarcewa nake farauta, da wurin da allura za ta yi tsalle.

Akwatunan na wani mai sa kiɗa a wajen biki ne da ya rasu, iyalinsa suka sayar wa Madam. Kusan duka gambarar 'yan daban Amurka ce, wadda suke kira gangsta rap. A cikinsu akwai bugun farko na wani faifai da ya cika shekara talatin da fitowa. Winston ya ɗaga shi da hannu biyu kamar ya ɗauki jariri. Ya ce lokacin da ya fito masu sharhi a jaridu sun yi masa rubdugu, wasu gidajen rediyo suka ƙi sa shi, amma yanzu cikin gwanayen faya-fayai ake lissafa shi. Madam ta shirya taro a Handsworth ranar Asabar, za a sa shi a gaban jama'a, har ta gayyato wani tsohon ɗan jarida cikin waɗanda suka kushe shi a wancan lokaci. Aka ce in wanke, in gwada, in kai da kaina.

Na wanke shi tsaf, na ɗora allura. Ban yi nisa ba na ɗage ta. Turancin Amurkawa ba duka nake kamawa ba, amma wanda ya daɗe yana hawan bas a garin nan ya san ashar in ya ji ta. Kusan kowane baiti sai an ambaci uwa. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ko a gidan biki aka ɗura ashar, mayafinta take ja ta kama hannuna mu fice. Ga shi kuma ba wannan faifan kaɗai ba ne, akwatuna ne jibge, aikin da zai kai ni har bayan hunturu.

Na koma gida a unguwar Gorton da abin a raina. In na rubuta cewa na gwada alhali ban saurara ba, na yi ƙarya, kuma na ci amana. In na saurara, na zauna ana zuba mini zagin uwa a kunne. In na ce ba zan yi ba, me ya rage na aikina? Wa zai riƙe mai gwajin da yake zaɓen abin da zai gwada?

Maiɗakina Hajara ta ga na tasa tuwo a gaba ina juya cokali.

"Malam, yau kuma mece ce? Hukumar gari ce ta rubuto?"

Na faɗa mata. Ta ce, "To ka kira Madam mana, ai ba cinye ka za ta yi ba."

"In ta ce in ajiye aikin fa?"

"Kai dai ko ruwan sama aka ce za a yi gobe, sai ka kwana kana tunanin rufin maƙwabta. Ci abincinka."

Ban kira ba. Washegari sai na yi wata dabara da har yanzu nake jin kunyar faɗinta. Na cusa auduga a kunnuwana, na ɗora abin ji a kai, wai ko zan ji ƙas-ƙas ban ji magana ba. Sai ya zama akasin haka: ƙas-ƙas ɗin ya ɓace, ashar ɗin kuwa tana ratso audugar ba abin da ya dame ta. Ina cikin wannan hali Winston ya dafa kafaɗata. Na cire abin ji, auduga ta faɗo a kan tebur.

Ya dubi audugar, ya dube ni, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ankul Sani! Mai gwajin faifai da auduga a kunne? Gobe kuma sai mu ɗauki makaho ya riƙa duba mana kwali!"

Da ya ga ban yi dariya ba, ya jawo kujera. Na yi masa bayani da ɗan Turancina. Ya ce, "Ankul, ni a Handsworth na tashi. Lokacin da faifan nan ya fito, shi ne karo na farko da na ji wani ya faɗi abin da ake yi mana mu baƙar fata a kan titi, ba tare da ya nemi afuwar kowa ba. Ba zagi kaɗai ba ne a ciki."

Na ce, "Na yarda an zalunce su. Amma uwar wani me ta yi?"

Ya tashi ya koma ɗakin gyaransa. Na ce shi ke nan, na taɓa masa abin da yake so, zai kai ƙarata.

Ranar Alhamis da safe na tarar da wani ɗan akwatin ƙarfe a teburina, bai fi gwangwanin kifi ba, da wayoyi da makunni guda. Winston ya ce, "Zauna in nuna maka." Ya ce ramin da allura take bi bango biyu gare shi, ɗaya na kunnen dama, ɗaya na hagu. Muryar mawaƙi ana raba ta daidai ga bangayen biyu. In aka juya ɗaya aka gwara shi da ɗan'uwansa, muryar sai ta cinye kanta. Ƙarcewa kuwa ba ta yin daidai a bango biyu, don haka ita za ta rage.

Na sa abin ji, ya danna makunnin. Mutumin da yake ta ashar ya tafi, sai wata 'yar amsa-kuwwa can nesa da ba a gane kalma a cikinta. Ƙas-ƙas kuwa ya fito fili kamar ana taka busasshen ganye. A bayan faifan na ji wani ɗan tak-tak, na duba, datti ne ya maƙale, na sake wankewa ya tafi.

Duk da haka raina bai kwanta ba. Na ce, "Amma dokar Madam ta ce a saurara. Wannan sauraro ne?" Winston ya ɗaga ido sama, ya buga mata waya ya miƙo mini. Ta gama jin bayanina ta ce, "Sani, ni abin da nake so, kada allura ta yi tsalle a gaban mutane. Kuma da ka faɗa mini tun ranar Talata. Ni kaina ban taɓa sa faifan nan a gida ba lokacin da mahaifiyata take da rai."

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, faifan rungume a ƙirjina, ko jakata ban yarda na sa shi ba. Shagon Handsworth ya cika da rana tsaka, masu furfura da matasa. Tsohon ɗan jaridar ya miƙe ya ce a wancan lokaci ya rubuta cewa hayaniya ce da ba za ta yi ƙarko ba, kuma ya yi kuskure, don bai fahimci kiɗan ba, bai san rayuwar masu yin sa ba. Amma abin da ya faɗa kan yadda ake wulaƙanta mata a ciki, bai janye ba. Wuri ya kaure, wasu na tafi, wasu na musu, wata mata ta ce ai su mata tun tuni suke faɗin haka ba a saurare su ba.

Da Winston, wanda shi ma ya zo taron, ya ɗora allura, na sulale waje na tsaya kusa da tashar bas, ina addu'ar kada ta yi tsalle. Can sai ga tsohon ɗan jaridar ya fito yana gyara hularsa. Ya tsaya kusa da ni ya ce, "Wannan waƙa ta ukun har yanzu ba na iya jin ta." Muka tsaya tare, bas na zuwa na wucewa, har Winston ya leƙo ta ƙofa ya ɗaga mini babban yatsa.

Akwatunan nan na gama su kaf da ɗan akwatin Winston, kuma ina nan a kan aikina. Abin da na koya shi ne, mutanen sana'ar nan ba bakinsu ɗaya ba a kan abin da suke sayarwa, kuma ba su nemi nawa ya zama irin nasu ba. Na kwana ina tsoron mutumin da ya fi kowa son faifan, ashe shi ne zai zauna da waya da dalma don kare mini kunne. In abu ya tsaya muku a rai a wajen aiki, ku buɗe baki ku faɗa tun da wuri. Auduga ba ta tare komai, na gwada.