Ta'aziyyar Baba Sha'aban, Mai Tsaya wa Matattu

Ranar Talata, 14 ga Oktoba 2025, bayan sallar Azahar, Anwar ya kira ni ya ce mahaifinsa ya cika. Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, sannan na zauna a ƙofar ofis na rasa abin yi. Alhaji Sha'aban Ya'u Babban Mutum, tsohon jami'in tsara birni a Abuja, ya rasu a gidansa da ke Daura bayan doguwar jinyar ƙafa. Mu ɗalibansa Baba muke ce masa, kuma da sunan nan zan yi masa magana.

Baba, ina ɗaliba mai karatun tsara birane na san ka. Lokacin horon sanin makamar aiki ya zo, kowa ya samu wurin zuwa ban da ni, domin ofisoshin Abuja sai da wanda ya san ka. Mahaifina malamin allo ne a kusa da rijiyar Kusugu a nan Daura, iyakar saninsa ke nan. Da ka zo gida hutun Sallah aka ba ka labarina, sai ka tako har zaurenmu. Mahaifina ya ce ba zai saki 'ya mace ta tafi birni ita kaɗai ba. Ka ce masa, “Malam, ai ba birni za ta ba, ɗakin Zubaida za ta.” Haka na zauna a hannun matarka, Hajiya Zubaida, har na gama, ba ta taɓa bambanta ni da 'ya'yanta ba.

Duk shekara kana ɗaukar ɗalibai, kuma kowa ya san halinka. Ba ka barin ɗalibi ya taɓa kwamfuta sai ya taka filin da zai zana da ƙafarsa. Kullum maganarka ɗaya, gani ya kori ji. Mun sha rana, mun sha ƙaya, mun yi ta gunaguni a bayan idonka, kana ji kana yi kamar ba ka ji ba.

Aikin farko da ka ba mu shi ne mu zana sabuwar unguwa. Na zage na yi tituna masu faɗi, na sa kasuwa da makaranta da masallaci da magudanan ruwa, har da filin ƙwallo. Na kawo maka ina jiran yabo. Ka gyara tabarau, ka daɗe kana duba taswirar, sannan ka ce, “Murjanatu, mutanen nan naki ba sa mutuwa ne?” Sauran ɗalibai suka fashe da dariya, alhali su ma ba wanda ya sa maƙabarta a tasa. Sai ka ce, “Mai rai zai zo ofis ya yi ƙorafi. Mamaci ba shi da mai tsaya masa sai ku.” Ranar ka koya mana cewa a nemi tudu inda ruwa ba ya kwanciya, ƙasa mai riƙe kabari, da hanyar da masu ɗaukar makara za su bi ba tare da sun tsallaka babban titi ba.

Wannan aƙida ce ta ci maka aikinka. A wata unguwa da ka tsara a bayan birni, ka ware wa matattu fili mai kyau. Da unguwar ta yi daraja, sai idon wasu masu hannu da shuni ya kai kansa. Aka kawo maka takarda ka sa hannu a yanka shi fulotai, ka ƙi. Ba su yi faɗa da kai ba. Sun sa an mayar da kai wani ofis da babu aiki, wani ya sa hannun, aka daina turo maka ɗalibai. Hajiya ta gaya mini rashin ɗaliban ya fi komai yi maka ciwo. Da ka yi ritaya ka dawo Daura, na zo gaishe ka, ka ce mini, “Na tsara wa rayayyu unguwanni ba adadi, amma fili ɗaya na kasa kare wa matattu.” Ban taɓa ganin ka a karye haka ba, kuma har yau maganar tana sosa mini rai.

Ni ma gida na dawo aiki. Da aka tashi yanka gonakin da ke bayan gari ta hanyar Mai'adua, aikin taswirar ya faɗo hannuna. Kafin in ja layin titi ko ɗaya, na taka filin, na zaɓi tudun da ke da tsohuwar tsamiya, na rubuta maƙabarta. Dillalan fili suka taso mini, wai mace ce za ta kawo musu kaburbura tun ba a sa tubali ba. Mai unguwa da limami suka tsaya mini, aka sha fama, har a daminar bana aka gama katanga.

Na zo da murna na ba ka labari. Ka yi murmushi, amma ka ƙi yaba mini. Ka ce, “Ke ma kin san dokata. Sai na taka da ƙafata.” Ƙafar ce kuma ta hana. Na ce a kai ka a mota, ka ce mai tsara gari ba ya duba fili ta taga. Muka bar shi sai bayan kaka, idan ka ji sauƙi. An yi kaka, Baba, gero yana rumbu, kai ba ka nan.

A gidan makoki Anwar ya shaida mini cewa tun kafin jikinka ya tsananta ka bar wasiyya a kai ka sabuwar maƙabartar. Mu mata ba ma raka gawa, don haka ina tsakar gida tare da Hajiya Zubaida aka fita da kai. Na san kowace kusurwa ta filin nan, na san ƙofar da za su shiga da kai, amma ban bi ba. Da maza suka dawo, maigidana Kabiru ya ce an sa ka gabas da tsamiya, kuma kai ne na farko a ciki. Ya ce masu haƙa sun yaba ƙasar, ba ta zuba ba, babu ruwa a ƙarƙashinta. Nan na yi kukan da nake ta riƙewa tun rana. Daga bakinka na so in ji wannan yabon.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Zubaida, da Anwar da ƙannensa Hadijatu da Amatullah, da dangi na garin Babban Mutum, da dukkan ɗaliban da suka sha rana a bayanka. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa namu ƙarshen ya yi kyau. Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ka ƙarar da ƙarfinka kana nema wa bayin Allah inda za su kwanta. Ya Allah, Ka yalwata masa nasa makwancin.

Murjanatu Sabiru, Daura