Ranar da na kasa ce wa Baba Haladu ya tsaya

Ku da kuke kama wannan aiki yanzu, akwai ranar da na yi ta ƙoƙarin mantawa da ita, ta ƙi fita raina. Wata Talata ce cikin hunturu, a tsakiyar shekarun casa'in, ina ƙaramin jami'in tura motoci a wani kamfanin dakon kaya a wata unguwa mai suna Jamaica, ba ƙasar Jamaica ba, kusa da filin jirgin sama. Tirelolinmu Montreal suke kai kaya, a maƙwabciyarmu ƙasar Kanada.

Muna da yarjejeniya da kamfanin da ke karɓar kayanmu a can. Safe da rana su turo mana gargaɗin hukumar yanayi ta ƙasarsu ta na'urar faks mai aika takarda ta layin waya, mu ma mu tura musu na tamu. Lokacin direbobi ba su da wayar hannu, don haka doka ce kowa ya tsaya a gidan mai na ƙarshe kafin iyaka ya bugo ofis. In takarda ta zo da jan hatimi, aikina ɗaya ne: in ce wa direba ya kashe mota, in rubuta a rajista na faɗa.

Ranar da azahar jan hatimi ya zo. Ruwan sama ne ke tafe, irin wanda yana taɓa kwalta yake daskarewa, dusar ƙanƙara kuma na biye. Matar da ke riƙe da irin teburina a can ba ta tsaya ga takarda ba, ta bugo da kanta ta ce kada mu bar mota ko ɗaya ta ƙetara.

Mota ɗaya ce tamu a hanya, ta Baba Haladu, mutumin Maraɗi. Shi ya ba ni masauki a unguwar Highbridge da na zo ƙasar, shi ya kai ni gaban manaja. Ya girmi mahaifina, ko a waya sai na gyara zama nake amsa masa.

Wajen ƙarfe biyu ya bugo. Na ce, "Baba, yaya hanya?"

Ya ce, "Lahiya lau, sai godiya."

Amsar gaisuwa ya ba ni, na kuma sani. Ko motar na ci da wuta haka zai ce.

Na ce, "Baba, mutanen Montreal sun turo warning. In ka ga da hali, ko za ka ɗan huta a nan?"

Ya yi dariya. "Yaro, shekarata nawa ina jan kamiyo irin tirelar nan cikin neige, dusar ƙanƙarar da kuke tsoro? Sararin nan garau yake. Gobe ka aza mini shayi."

Na ce, "To Baba, Allah ya kiyaye hanya." Na ajiye waya, na rubuta cewa an sanar da direba.

Da a ce ɗaya daga cikin Turawan direbobinmu ne, da na daka masa tsawa ba kunya. Amma bakina bai iya furta wa Baba "tsaya" ba.

Kafin la'asar ta yi sanyi 'yan sandan can suka bugo. Tirelar ta zame a wata gangara bayan iyaka, ta kife cikin kwari. Baba bai kai asibiti da rai ba.

Washegari manaja ya buɗe rajista ya ce, "Ka faɗa masa?" Na ce na faɗa. Ya ce takardu sun cika, ba ni da laifi. Matar Montreal ta bugo tana tambaya ko faks ɗinsu ne bai iso ba. Na ce ya iso a kan lokaci.

Na je ta'aziyya Highbridge. Matar Baba ta share hawaye ta ce, "Kullum maganarka yake. Ya ce duk ƙasar nan bai ga yaro mai ladabinka ba, ba ka taɓa gaya masa magana gatsau ba." Na sunkuyar da kai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ƙasashe biyu sun yi aikinsu, hukumomi sun hango, na'ura ta kawo, a bakina gargaɗin ya mutu. Shi ya sa nake ce muku, in jan hatimi ya zo, ko ubanka ne a layi, ka ce masa ya kashe mota, ka ba shi haƙuri in ya dawo. Ni ban samu wanda zan ba haƙuri ba.