Jakar da Aka Rubuta wa Huta

Yau bayan na idar da sallar asuba a barandar asibiti, barci ya sace ni a kan tabarma, na yi wani mafarki da har yanzu gabana bai daina faɗuwa ba. 'Yan uwa, ku taimaka min.

Maigidana, Baban Hafsa, kafinta ne. Ƙusa ta soke shi a ƙafa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aikinsa, don shi a wajensa babu ciwon da ya isa a je asibiti. Yau kwanansa tara a kwance da ciwon tetanus, haƙora a datse, baya a sandare, ko ƙofa aka buga sai jikinsa ya hau fizga.

Likitar da ke duba shi ta zana min abin a takarda. Ta ce a bakin kowace jijiya akwai 'yan jakunkuna masu ɗauke da saƙo, akwai kuma wasu sinadarai, wai su furotin, da aikinsu shi ne su jawo jaka zuwa bakin ƙofa su buɗe ta. Dafin ciwon ya datse waɗannan furotin, shi ya sa saƙon da ke ce wa tsoka ta huta ba ya fita. Sai jiki ya yi sababbi, kuma abin yana ɗaukar makonni. Na yi ta gyaɗa kai kamar wadda ta gane.

To a mafarkin sai na gan ni cikin shagonsa, amma shagon ya miƙe ba ƙarshe, bangon yana motsi kamar yana numfashi. Wasu fararen jakunkuna, girman lemun tsami, suna ta gangarowa suna taruwa a bakin wata ƙofa, har sun kai min gwiwa. Maza uku na tsaye a wajen, kowanne riƙe da guntuwar igiya da aka yanke. Na ce, "Bayin Allah, ku buɗe mana!" Ko kallona ba su yi ba. A bayan ƙofar ina jin ana cizon haƙora, kuma na san na waye.

Sai kawai ga likitar zaune a kan bencin aikinsa tana murza sabuwar igiya, zare ɗaya bayan ɗaya, hankalinta kwance. Na ce, "Likita, don girman Allah ki yi sauri." Ba ta ɗago kai ba.

Sai kawai shagon ya koma tsakar gidan su Baban Hafsa na ƙauye, ƙofar kuma tana nan tsaye ita kaɗai babu bango. Inna, mahaifiyarsa da ta rasu shekaru huɗu da suka wuce, ta fito sanye da koren mayafinta. Ta sunkuya ta zaɓi jaka guda ta sa min a tafin hannu. Jakar da ɗumi. An rubuta mata "huta" da fensirin da yake zana katako da shi, rubutunsa ne mai karkata.

Ta ce, "Buɗe masa, 'yar nan. Ya gaji."

Kwana tara ina roƙon Allah wannan saƙon ya fita. Ga shi a hannuna, bakin jakar har ya fara saki da kansa. Nan take na tuna abin da mata ke faɗa a zaman makoki in mara lafiya ya daɗe yana shan wuya: ai ya huta. Na damƙe bakin jakar da hannu biyu. Inna tana miƙo hannu, ni ina ja da baya, ina ihu amma murya ba ta fita.

Ƙarar bokitin mai goge ƙasa ce ta tashe ni, yatsuna a dunƙule har farce ya shiga nama. Ko takalmi ban tsaya sawa ba na je na leƙa shi. Yana numfashi, amma jikin yana nan a sandare yadda na bar shi.

Tsoro nake ji, wallahi. Masu ilimin mafarki, wane hutun Inna take nufi? Da na ƙi buɗe jakar nan, riƙe shi na yi, ko sauƙin da ya zo masa na hana shi?