Ƙaton da ya daina jin Hausa

Wani ɗalibi ɗan Najeriya da ke haya a gidanmu a unguwar Umbadda ta Omdurman, a Sudan, ne ya kawo mana finafinan ƙaton nan. Mutum ne mai sanƙo, wuyansa kamar turmi. In ya mari ɗan daba a Omdurman, sai dai a ƙetare kogi a je Bahri a tsinto haƙoransa. Kuma da Hausa yake magana, Hausar Kano tsantsa, don fassara aka yi.

Kakata, wadda muke kira Habboba, ba ta san da wata fassara ba. Mu jikokinta in ta yi mana Hausa da Larabci muke amsawa, ga kuma namiji yana cewa "Wallahi yau sai na karya ka" yadda mahaifinta yake faɗa. Ta ɗauke shi ɗa. Kullum bayan la'asar tana gaban talabijin da kofin shayinta, tana yi masa faɗa: "Ɗana, waiwaya, ga shi nan a bayanka!"

Ni na san muryar aro ce, amma ƙarfin na yarda da shi. Sai ran nan yayana ya kunna mana hirarsa a waya. Na kusa haɗiye harshena! Wani tsoho ne da tabarau, ya rungume ɗan kwikwiyo. Yayana yana fassarawa: wai kafin fim gyaran gashin mata yake yi. Wai tsoron doki yake. Wai duk tsallen nan daga saman bene, wani ake biya ya yi.

"Ƙarya kake!" na ce.

"Wallahi, ya zola," ya ce, yadda ake kiran mutum da Larabcinmu, "da bakinsa ya faɗa."

Ba mu lura Habboba na bayanmu ba. Ta karɓi wayar, ta kai ta dab da hancinta.

"Wane yare yake yi?"

"Turanci, Habboba."

"Innalillahi! Shi ma ya bar Hausar?"

Ranar ba ta sha shayi ba. Washegari ma talabijin a rufe da zane, gidan shiru kamar an yi rasuwa. Daga baya ta aika a kira ɗalibin. Ya durƙusa a bakin ƙofa yana zufa.

"Kai ɗan nan, wa ke magana a cikin ƙaton?"

"Hajiya, wani saurayi ne a Kano. Ɗan siriri ma, bai kai ni ba."

"Bahaushe?"

"Uwa da uba."

Sannan ta ce mu ɗaga mata gadonta na igiya, mu juya shi ya fuskanci bango. Muka juya, muna kallon juna. Ta kwanta ta ba talabijin baya.

"To, kunna," ta ce da ni. "Ki ƙara murya. Mai kwikwiyon nan kuwa, ku ku kalle shi."